Alherin Baba Gimba

A cocinmu na Chanchaga, in Fada ya ce ana neman wanda zai sauke baƙi, kafin ya rufe baki Baba Gimba ya ɗaga hannu. Shi ne shugaban kwamitin baƙi da bishara, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai farar furfura da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Da aka buɗe wa ikilisiya zauren WhatsApp sai aikin ya ƙara masa sauƙi. Yana kishingiɗe a falo, fanka na kaɗa shi, zai rubuta, "Gidana a buɗe yake." Nan take jama'a su yi ta jefo masa hoton tafi da na hannuwan addu'a.

Matarsa Patricia, wadda kowa ke kira Maman Irimiya, ba ta cikin zauren. Wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila. Ita ba ta sanin an yi alheri sai ta ji sallama a ƙofar gida.

Wata Juma'a tana tsugune a bayan gida tana zuba wa kajinta dusa, kajin da take kiwo don ta sayar lokacin Kirsimeti, sai ga maigidan ya leƙo da waya a hannu.

"Maman Irimiya, mawaƙan coci na zuwa daga Kontagora, akwai gasar waƙa. A nan za su sauka."

"Su nawa ne?"

"Ba a ƙirga baƙin Allah."

"Tukunya kuwa tana ƙirgawa."

Idonsa na kan kajin. Ya yi murmushi ya ce, "Kai, kin ga yadda suka yi ƙiba? Ubangiji dai ya san abin da yake yi."

Da yamma bas ta tsaya a ƙofar gida, ta yi ta aman mutane kamar ba za ta daina ba. Kafin Lahadi, akurkin Patricia ya zama kango, sai gashin kaji da iska ke wasa da shi a tsakar gida. Ita ta fige, ita ta soya, ita ta tuƙa tuwo, ita ta jawo ruwan wankan kowa a rijiya domin famfo ya ɗauke. Ɗakinta aka ba matan, ta shimfiɗa tabarma a cikin sito tsakanin buhun masara da galan ɗin manja.

Ran Lahadi bayan Misa, Fada Eric ya kira sunan Baba Gimba. Fada Eric matashi ne, zuciyarsa fes, yana son komai na zamani; shi ya kawo kyamarar da ke nuna sujada kai tsaye a Fesbuk don marasa lafiya da 'yan cocin da ke nesa. Ya ce a tafa wa mutumin da ya ciyar da mawaƙa da nama har suka kasa kai muryarsu sama. Coci ya ɗauki dariya da tafi. Baba Gimba ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai daidai inda kyamara za ta kama shi, ya ce, "Ba ni ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Wadda ta yi tana layin baya, ta jingina da bango, barci ya kwashe ta da baki buɗe.

Bayan mawaƙa sai matasa masu taron addu'a. Bayan matasa sai ɗaliban makarantar horar da limaman coci da suka zo hutu, samari masu ci kamar fari. Sai sistocin coci, sai masu koyar da noman zamani, sai wani Bature mai bincike da ba ya cin barkono, dole a yi masa tukunya dabam. Wata rana aka kawo wata mata da 'ya'yanta da suka gudo daga wajen Shiroro, 'yan bindiga sun ƙone musu ƙauye. Waɗannan kam Patricia da kanta ta ciro zannuwanta ta ba su, ba ta jira an ce mata ba. Matar ce kaɗai baƙuwar da ta taɓa karɓar muciya daga hannunta. Baba Gimba shi ma ya yi nasa ƙoƙarin: ya jera yaran a gaban gida, ya tsaya a bayansu, ya ce su yi fuskar tausayi, aka ɗauki hoto.

Ƙafafun Patricia suka fara kumbura. Da fari da yamma ne kawai, in ta kwana sai su sauka. Daga baya suka daina sauka. Takalmin zuwa coci ya ƙi shiga, ta koma silifas. Kanta yana sarawa, wani lokaci in ta ɗago daga bakin murhu sai ta ga tsakar gida na juyawa.

"Baban Irimiya, jikina fa ba daɗi. A ɗan sarara mana da baƙin nan."

"Shaiɗan ke nan. Duk inda ake aikin Ubangiji sai ya sa ƙafa."

"A tawa ƙafar ya sa."

"Ki riƙa shan ruwa da yawa," in ji shi, ya jawo mata aya guda, ya ɗora wata a kai. Baba Gimba yana da aya ta kowace irin buƙata, ban da buƙatar wanke tukunya.

Abin da ke riƙe da Patricia a lokacin injin markaɗe ne. Da adashenta ta saye shi, ta kafa a rumfar ƙofar gida. Matan unguwa na kawo kayan miya, wake, jiƙaƙƙen gero, da abin da take samu take sayen magani da sabulu da gishiri, ba ta roƙi kowa ba. Sai coci ya buɗe cibiyar koya wa zawarawa sana'a. Fada Eric ya yi roƙo a zaure: wa zai taimaka da kayan aiki?

Patricia ta dawo daga kasuwa ta tarar da rumfa wayam, sai kusoshi huɗu da baƙin mai a ƙasa.

"Ina injina?"

"Ya tafi hidima."

"Injina? Wanda na saya da gumina?"

"Haba, Maman Irimiya. Tun ranar da aka ɗaura mana aure muka zama jiki ɗaya. Naki nawa ne. Ki tuna da zawarawa, ba su da mazan da za su tsaya musu."

"Ai kuwa sun huta," in ji ta.

Ya yi kamar bai ji ba. Da ta je cibiyar ta ga injin an yi masa sabon fenti, an manna masa ƙarfe mai sheƙi, an rubuta: Kyautar Baba Gimba. Ta daɗe tana kallon rubutun. Wata bazawara ta matso ta ce, "Mama, kin yi dace da miji. In kina da markaɗe ki kawo, za mu yi miki ragi."

Ta kai kuka wurin shugabar zumuntar mata, Maman Zamani. Matar ta saurare ta da kyau, tana kaɗa kai, tana cin ƙosan da Patricia ta zo mata da shi.

"'Yar'uwa, mijinki yana shan burkutu?"

"A'a."

"Yana bin mata?"

"A'a."

"Yana dukan ki?"

"Bai taɓa ba."

"To me kike so Allah ya yi miki kuma? Mata nawa ke azumi don a ba su irin nasa? Ki riƙe bakinki, kada ki zubar da ladanki. Af, tunda kin zo, taronmu na wata mai zuwa a gidanku za a yi. Baba ya riga ya rubuta."

Mutum ɗaya ce ba ta ce mata ta yi haƙuri ba: maƙwabciyarta Hajiya Mariyamu, Banufiya 'yar Bida mai sayar da shinkafa. Katanga ɗaya ta raba su, kuma katangar gajeriya ce. Ta nan suke miƙa wa juna gishiri, wuta, tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti.

"Yaya Patricia," in ji Hajiya wata rana, tana leƙe tana kallon tulin kwanonin da ke jiran wanki, "wannan mijin naki inuwar giginya ne. Na Kontagora ya sha, na Shiroro ya sha, har Bature ya sha, ke da ke gindi rana na gasa ki."

"Aikin Allah ne, Hajiya."

"Mu ma muna aikin Allah a wajenmu. Amma in Alhaji ya yi sadaka da shinkafata, sai ya biya ni, Allah kuma ya biya shi. Kowa ya san inda zai je karɓar nasa."

Patricia ta yi dariya har ta dafe ƙugu. Hajiya ce ta ja ta zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta kira likita. Likitan ya ce jininta ya hau sosai. Ya ce magani kullum, a rage gishiri, a nisanci hayaƙi da tsayuwa, a huta.

Ta kawo wa maigida labari. Ya nuna damuwa ƙwarai. A take ya rubuta a zaure, "'Yan'uwa, a sa uwargidana cikin addu'a." Hannuwan addu'a suka cika waya. Ya juyo mata da fuskar wayar don ta gani.

"Kin gani? Duk ikilisiya na tare da ke. Yanzu ki daure, bikin cikar cocinmu shekaru ya matso. Daga an gama sai ki huta iya son ranki."

Bikin babba ne. Za a zo daga Bosso, daga Paiko, daga ƙauyukan da cocinmu ya kafa rassa. Za a kuma tara gudummawa domin sabon reshe da aka buɗe can bayan Paiko, inda 'yan gudun hijira suka yi sansani. Katikis ɗin wurin, wato mai koyar da addini, da ƙafa yake zagaya ƙauyuka, in wani ya yi ciwo a amalanke ake fito da shi titi. Baba Gimba ya ɗauki nauyin abincin manyan baƙi gaba ɗaya. Zumuntar mata ta yi alkawarin turo masu taya aiki. Suka zo kuwa, cikin anko, suka yi waƙa biyu masu daɗi, suka yanka albasa, sai lokacin gwajin rawa ya yi, suka tafi.

Ranar jajibere da hantsi, Patricia na tsaye kan babbar tukunyar dafa-duka, muciya ta suɓuce daga hannunta na dama. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Ta buɗe baki za ta kira Hajiya, maganar ta fito a karkace. Ƙarar faɗuwarta Hajiya ta ji ta katanga.

Baba Gimba yana da mota, tsohuwar Marsandi fara, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa daga aiki. Kullum da safe da kansa yake goge ta, shi ne aiki ɗaya da hannunsa ke yi a gidan. Hajiya ta same shi yana ɗaure da agogo, yana shirin fita.

"Baba, kawo mota! Yaya ta faɗi!"

Ya shigo ya duba, ya rikice na gaske. Sai ya kalli agogo.

"Hajiya, manyan baƙi na jira na a tasha, an riga an sanar ni zan ɗauko su. Keke ya fi sauri a cunkoson nan. Ku yi gaba, ina zuwa." Ya kai ƙofa ya juyo. "Wutar tukunyar nan, a rage ta."

A keke napep aka kai ta, kanta a cinyar Hajiya, ƙafarta ɗaya na leƙe waje. Likita ya ce Allah ya taƙaita, shanyewar ba ta yi nisa ba. Baki zai dawo, hannun kuwa sai abin da hali ya yi. Maigidan ya iso da la'asar, ya yi addu'a mai tsawo da ƙarfi har masu jinya na gadon kusa suka ce amin. Da ya gama ya sunkuya kusa da kunnenta ya tambaye ta inda ta ajiye maɓallin sito.

Washegari Lahadi, bakin Patricia ya ɗan saki. Hajiya ta zo da kunu, ta zauna a bakin gado, ta ce, "Bari in kunna miki cocinku, kada ki ce Musulma ta hana ki ibada." Ta nemo a Fesbuk, ta jingina wayar da kwanon sha.

Coci ya cika maƙil. Mata sun sha anko, ana guɗa. Sai ga Fada Eric ya ɗaga wani allo mai walƙiya ya ce ikilisiya ta karrama mutumin da gidansa ya zama gidan kowa. Baba Gimba ya fito cikin babbar riga mai aiki har ƙasa. Ya karɓa, ya dafa ƙirji. Aka ba shi lasifika, shi da ba ya buƙata. Ya yi magana a kan bayarwa. Ya ce abin da ka riƙe shi ne ka rasa. Ya ce yana jin kunya a ce katikis ɗinmu na bayan Paiko na tafiya a ƙasa, alhali a cikin cocin nan akwai masu motoci biyu. Ya ce ya kamata wani ya ji tsoron Allah.

Hajiya ta ja tsaki. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Patricia ta ƙura wa wayar ido. Tana kallo, gefen bakinta mai lafiya yana ɗan motsi. A ƙasan hoton, saƙonnin masu kallo daga gida na ta wucewa, kuma ta san al'adar Fada: kafin a tashi yakan karanta su da babbar murya.

"Hajiya," ta ce a hankali, "wurin nan da ake rubutu, kowa na iya rubutawa?"

"Kowa."

"Rubuta min."

Ta faɗi abin da za a rubuta. Hajiya ta zare ido.

"Yaya! Ƙarya a cikin coci? Ni ba ruwana."

"Ina ƙaryar? Cewa na yi iyalin Baba Gimba. Ni ba iyalinsa ba ce? An ce jiki ɗaya muke."

Hajiya ta dube ta, ta dubi hannun da ke kwance kamar ba nata ba. Ta gyara mayafi, ta ce bismillahi, ta rubuta.

Ba a jima ba Fada Eric ya ɗauki wayarsa a gaban bagade. Ya karanta gaisuwa daga Kaduna, daga Legas. Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ido.

"'Yan'uwa, ku saurari wannan. Maƙwabciyarmu Musulma, Hajiya Mariyamu Ndayako, ta rubuto a madadin Mamanmu Patricia da ke gadon asibiti. Ta ce, saboda godiya ga Allah da ya bar ta da rai, iyalin Baba Gimba sun ba da motarsu domin aikin bishara a bayan Paiko."

Nan take cocin ya fashe. Guɗa, ganga, tafi, wata tsohuwa ta faɗi ƙasa tana birgima. Mai kyamara ya juya kan Baba Gimba ya matso da fuskarsa har ana ganin zufar da ta tsatso a goshi. Allon yabo na hannunsa na hagu. Bakinsa ya buɗe, ya rufe.

"Baba," in ji Fada cikin rawar murya, "ashe da kanka kake yi wa wa'azi!"

Baba Gimba ya dubi jama'a, ya dubi kyamara. Ya sa hannu a aljihu kamar mai ciro ƙaya, ya fito da maɓalli. Sai da Fada ya ɗan ja kafin ya saki.

"Ba ni ba ne," ya ce, da wata 'yar siririyar murya da ba mu taɓa jin yana da ita ba.

A asibiti Hajiya ta toshe baki da mayafi tana dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Da yamma ya iso a keke, babbar riga ta yamutse, gefenta ya sha ƙurar taya. Ya ja labule ya zauna, ya yi ƙasa da murya.

"Patricia. Me na yi miki?"

"Sannu da hidima, Baban Irimiya."

"Motata! Abu ɗaya da na mallaka a duniya! Ko shawara ba ki yi da ni ba?"

"Af. Ashe ana shawara?"

Ya gyara zama. Can ya ce, "Kaji dabam, mota dabam."

"Haka ne. Kaji sai an ba su dusa."

Cikin satin ya bi Fada a ɓoye ya ce ko za a iya ɗaukar abin a matsayin aro. Fada ya rungume shi ya ce tawali'unsa ya yi yawa, kuma motar ma ta riga ta kai wata mai naƙuda asibiti. Ya je wa 'yan kwamiti, suka ce Baba ai ka fi kowa sani, abin da aka miƙa wa Allah ba a cewa a dawo da shi. Bidiyon kuma ya zagaya gari. Har a kasuwa ana nuna shi da yatsa ana cewa ga mutumin da ya ba da mota. Yana tsaye a bakin titi yana tsaida keke, mutane na tare shi suna neman albarka.

Aka sallami Patricia. Baki ya dawo daidai, hannun dama bai dawo ba. Yatsun sun lanƙwashe, ko cokali ba sa riƙewa. Injin yana nan a cibiya da sunan wani a jikinsa, ba wanda ya yi zancen mayarwa. Zumuntar mata ta zo gaisuwa da lemo da waƙa, Maman Zamani ta ce Allah ba ya jarraba bawa sai wanda yake ƙauna. Ɗansu Irimiya ya zo daga Kaduna, ya yi faɗa, ya koma bakin aiki, amma kafin ya tafi ya saya wa uwarsa babbar waya, ya sa ta a zauren ikilisiya.

Suna zaune a falo wata rana da rana, wayoyin biyu suka yi ƙara tare. Fada Eric ne: matasa masu wa'azi na zuwa daga Suleja, wa zai sauke su? Babban yatsan Baba Gimba ya tashi da kansa, tsohon sabo. Sai ya ji ana kallon sa.

"Rubuta mana," in ji Patricia. "Ni ma ina koyon rubutu da hagu. Ga janareta, ga talabijin, ga manyan riguna cike da akwati. Katikis ɗin nan tsayinku ɗaya."

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya kife ta a kan kujera.

Saƙon Fada ya wuni a zaure ba amsa. Mutum ɗari da wani abu sun gani, kowa na jiran Baba Gimba. Masu ɗakunan baƙi da masu 'yan aiki duk suka yi luf. Matasan Suleja a zauren taro na coci suka kwana kan benci, suka ci burodi da ruwan leda. Ran Lahadi Fada ya yi wa'azi mai zafi a kan sanyin ƙauna a zamanin nan. Da aka fito, ba wanda ya ce wani abu game da nasa gidan; magana ɗaya ake yi a bakin ƙofa, cewa tun da ciwo ya taɓa Maman Irimiya ta canja, ta kulle wa bawan Allah hannu.

Hajiya ce ta kawo mata labarin ta kan katanga. Ta same ta zaune a inuwa, ta miƙe ƙafafu kan turmi, tana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya da haƙori. Daga kicin ana jin ƙarar kwanoni da tarin wani dattijo da hayaƙi ya shaƙe.

"Yaya, an ce a cocinku imaninki ya sauka."

Patricia ta ɗaga zani kaɗan, ta dubi idon sawunta da ya fito fili a karon farko cikin shekaru.

"Gaskiya ne, Hajiya," ta ce. "Tare suka sauka da kumburin."